Shawarwari a zaure: tsohon imej ɗin Docker da jan rahoton Trivy

Abba: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Akwai manhajar biyan kuɗin makaranta da na yi wa wata makarantar kuɗi nan wajen Ƙofar Ƙaura, tana cikin kwantenar Docker, wato akwatin da ake gudanar da manhaja da duk kayan da take buƙata, tana aiki lafiya lau. Yanzu kamfanin da zai haɗa mana hanyar biya ya ce sai an yi wa imej ɗin, wato ƙunshin da ake tayar da kwantenar daga gare shi, sikanin tsaro. Na sa Trivy, manhajar binciken ɓarakar tsaro, sai ga allo ya yi jajir da ɗaruruwan CVE, wato lambobin sanannun ɓaraka, wasu an rubuta masu CRITICAL. Ni kuwa tun da na ɗora ta ban taɓa komai ba. Ta ina zan fara?

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Ai rashin taɓawar ne ya tara maka su. Turo layin farko na Dockerfile ɗinka, fayil ɗin da ake gina imej da shi, mu gani.

Abba: `FROM node:16-buster`

Malam Lawal: Tau. Abu biyu ne wa'adinsu ya ƙare a layin nan. Node 16, injin da ke gudanar da manhajar taka, an daina yi mashi faci, wato gyaran tsaro, tun Satumba 2023, har ma an gaggauta ritayar tashi ne saboda laburaren ɓoye bayanai na OpenSSL 1.1.1 da ke cikinshi a watan ya daina samun tallafi. Buster kuma tsarin Linux na Debian 10 ke nan, fitowar 2019, tallafinshi na dogon zango ya ƙare a Yuni 2024. Imej ba ya sabunta kanshi, Abba. Ranar da aka gina shi, duk fakej ɗin da ke ciki ya daskare a nan: curl, glibc, zlib, libwebp, duka. Duk ɓarakar da aka gano bayan ranar tana nan zaune a cikin naka.

Bishir: Ni dai da ni ne, in shiga kwantenar in buga `apt-get upgrade`, umarnin sabunta fakej, in kwanta barcina.

Yaya Hadiza: Bishir, kar ka ɓatar da yaro. Na farko, abin da ka gyara cikin kwantena mai gudana, da an sake tayar da ita daga imej ya bi iska. Na biyu, an kwashe buster daga manyan ma'ajiyoyin Debian zuwa archive.debian.org, 404 kawai `apt-get update` zai yi ta ba shi. In ya karkata can ɗin ma, kayan tarihi zai tarar, ba sabon faci ba. Na uku, shi Node ɗin ba ta apt aka sa shi ba, kuma da nashi OpenSSL yake zuwa, apt ba ya ko ganinshi.

Bishir: Na janye, Yaya. Allah ya huci zuciyarki.

Nura Daura: Shawarata ka koma Alpine, ƙaramin tsarin Linux ɗin nan, kawai. `node:22-alpine`. Tushen Alpine 'yan megabait ne, babu tarkace, rahotonka zai yi fes. Ga sauƙin data, wanda mu nan shi ne rabin matsalarmu.

Yaya Hadiza: Alpine na da kyau, amma ba ita zan ba Abba yau ba. Ita musl take amfani da shi a matsayin laburaren tushe na C, maimakon glibc da Debian ke amfani da shi, kuma in manhajarshi na da irin bcrypt ko wani laburaren da ake harhaɗawa daga C, zai iya kwana yana faɗa da kurakuran da ba su da alaƙa da tsaro. Mutum na tsallakowa daga 16 zuwa 22, wannan kaɗai ya ishe shi aiki, kar a ƙara mashi sauya tushe gaba ɗaya. Ka ɗauki `node:22-bookworm-slim`. Bookworm Debian 12 ke nan, Debian ce dai da ka saba, an rage mata kaya. Node 22 na da tallafi har Afrilu 2027.

Kuma Nura, ƙanƙanta ba ita ce tsarki ba. A 2019 masu bincike na Cisco Talos sun bankaɗo cewa imej ɗin Alpine na hukuma, daga 3.3 har 3.9, asusun root ɗinshi, wato na mai cikakken iko, ba shi da kalmar sirri kwata-kwata. CVE-2019-5021. An gyara da sauri, amma wanda ya gina a kan tsohon bai sake gini ba, da shi ya ci gaba da zama. Kowace fitowar Alpine kuma wajen shekara 2 ake tallafa mata, ta fi Debian saurin tsufa.

Nura Daura: Na yarda da batun musl. Amma in ya daidaita, ya gwada ta daga baya, zai ga bambanci.

Abba: Na gode Yaya. Na canza zuwa 22 slim yanzu, gini ya tsaya da `ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED`.

Malam Lawal: Webpack 4, mai tattara fayilolin manhaja, gare ka, ko? Daga Node 17 aka koma OpenSSL 3, shi kuma ya rufe tsofaffin hanyoyi irin MD4 da webpack 4 ke dogara da su. Za ka ga ana ta cewa a sa `--openssl-legacy-provider`. Zai wuce da kai yau, in lokaci ya ƙure ka sa shi a matakin gini kaɗai, amma maganin shi ne ka ɗaga webpack zuwa 5.

Tunda an zo nan, raba Dockerfile ɗin gida biyu. Matakin farko ya yi `npm ci` da harhaɗawa, na biyu ya fara da sabon `FROM`, ka kwaso abin da aka gina kawai da `COPY --from`. Shi `node:16-buster` cikakke da kake kai yana ɗauke da gcc, git, python, ImageMagick, kayan da manhajar kuɗin makaranta ba ta da abin yi da su a kan sabar da take gudana. Yawancin jan da ka gani daga nan yake. Kamar magini ne ya gama gida ya tafi ya bar tsani jingine da katanga. Sannan ka sa `USER node` a ƙarshe, asusun yana nan cikin imej ɗin, kar ta gudana a matsayin root.

Injiniya Kabir: Bari in sa baki a kan karanta rahoton, don nan ne yara ke firgita. Ba kowane ja ne wuta ba. Gwada haka:

`trivy image --severity HIGH,CRITICAL --ignore-unfixed sunan-imej`

Zai bar maka waɗanda ke da faci a ƙasa, su ne za ka iya yin wani abu a kai yau. Sauran ka duba shafin bin diddigin tsaro na Debian, za ka ga wasu sun ce ƙaramin abu ne, ba za su fitar da gyaran gaggawa ba. Misali ɓarakar curl ta Oktoba 2023, CVE-2023-38545, ta yi ƙaurin suna sosai, amma sai kana bi ta wani nau'in firoksi da ake kira SOCKS5 take kama ka. Ita kuwa ta laburaren hoto na libwebp ta Satumba 2023, CVE-2023-4863, in manhajarka na karɓar hoton ɗalibai tana sarrafawa, wannan taka ce kai tsaye, don an riga an yi amfani da ita wajen kai hari. Ni na fi duba jerin KEV na hukumar CISA ta Amurka a kan makin CVSS. Maki yana gaya maka munin abu, jerin yana gaya maka wanda 'yan kutse suka riga suka ɗauka.

Wani abin lura: a kan tsohon tushe, Trivy kan yi gargaɗi cewa an daina tallafa wa wannan sigar, binciken zai iya zama bai cika ba. Wato tsohon imej ya nuna ja kaɗan ba shaidar lafiya ba ne, wataƙila babu mai ƙirga mashi ne kuma.

Bishir: Ranka ya daɗe, to me ya hana a sa `latest` a huta da zancen?

Injiniya Kabir: `latest` suna ne kawai, ba ya jawo sabo da kanshi. In akwai tsoho a kwamfutarka, da shi Docker zai yi ta gini har sai ka ce `docker build --pull`. Kuma bin sabo ido rufe ma yana da nashi. Ka tuna xz, fakej ɗin matse fayiloli, a Maris 2024? Ƙofar baya aka dasa cikin 5.6.0 da 5.6.1, Andres Freund ya gano ta don ya ga shiga ta SSH na jan ƙafa. Masu Debian sid da testing, sigogin gwaji, ta shiga wa, masu bookworm ba ta kai gare su ba. Ka tsaya kan siga tabbatacciya mai tallafi, ka ɗaure ta da lambar sha256 ta imej ɗin in kana so, amma fa ka sa Renovate ko Dependabot su riƙa kawo maka sabuwar lambar. Ɗauri ba mai kwancewa shi zai maido ka inda Abba yake.

Yaya Hadiza: Kuma kar ka ce za ka riƙa yi da hannu a laftof, tsakanin ɗauke wuta da tsadar data ba za ka jure ba. Sa GitHub Actions ya sake gini duk mako ko ba ka canza layi ɗaya ba, Trivy ya bi bayanshi da `--exit-code 1`, in ya ga CRITICAL mai faci ya tsayar da komai. Datar su ce ke ƙonewa, ba taka ba.

Nura Daura: Ba wanda ya ambaci distroless na Google. Babu shell, babu apt, ɗan kutse ko ya shigo bai da abin riƙewa. Grype ma yana da kyau a matsayin ido na biyu, wani lokaci shi da Trivy ba sa faɗin abu ɗaya.

Malam Lawal: Distroless sai wanda ya iya karanta log, don ba `docker exec` da bash da zai cece ka tsakar dare. Akwai mai lakabin `debug` da ke da busybox. Abba ya bari sai zango na gaba.

Injiniya Kabir: Abba, ka kuma gaya wa mai makarantar da baki, cikin ladabi, cewa wannan aikin kulawa ne mai kuɗinshi duk wata. Sunayen yara da lambobin iyayensu ke ciki. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce in aka yi kutse mai haɗari ga mutane, a sanar da hukumar kare bayanai ta Nijeriya, NDPC, cikin awa 72. In ya ji haka zai fi saurin fahimta a kan ka ce mashi glibc.

Abba: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na raba gida biyu, na sa slim, gini ya wuce. Jan ya ragu ƙwarai, abin da ya rage yawanci cikin `node_modules` ne.

Yaya Hadiza: Wannan kuma naka ne, ba na Debian ba, `npm audit` zai nuna maka. Rumbun bayanan fa, me ke cikin compose ɗinka, fayil ɗin da ka jera kwantenoninka a ciki?

Abba: `mysql:5.7`

Malam Lawal: Inna lillahi. Shi ma wa'adinshi ya ƙare tun Oktoba 2023. Kar ka canza lambar nan tukuna, fara ɗaukar kwafin bayanan da `mysqldump`, ka gwada maido shi a wata kwantena daban ka ga ya dawo daidai. An kira Magariba, bayan Isha'i ka turo compose ɗin gaba ɗaya, amma ka goge kalmomin sirri kafin ka turo.