Me za mu kira replica da Hausa? Ga inda na tsaya

1/ Shekaranjiya na tambaye ku kalmar da za ta ɗauki replica, irin motocin nan da ake ƙerawa yau a kan siffar tsofaffin motocin tsere na Turai da Amurka. Allah Ya saka da alheri, amsoshi sun zo da yawa. Mafi yawanku kun ce jabu. Da ita zan fara, domin ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan.

2/ Ku ji abin da ya sa ake ƙera su tukuna. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi, tsakanin 1962 da 1964. A 2018 an yi gwanjon ɗaya a Amurka a kan dala miliyan 48.4. Mercedes-Benz 300 SLR mai rufi ta 1955 kuwa biyu ce a duniya, a 2022 aka sayar da ɗaya Yuro miliyan 135. Mai sha'awa fa ya yi yaya? Ko wanda ya mallaka ma gabansa na faɗuwa in zai fito da ita titi. Sai masu ƙira suka ce to, mu yi maka wadda za ka hau ka taka ta son ranka.

3/ Jabu kuwa kowa ya sani, abin da aka yi ne don a cuce ka. Jabun kuɗi, jabun magani, jabun takardar fili. Mai jabu ɓoyewa yake yi. Waɗannan kuma da sunan kamfaninsu suke talla. Motocin Superformance, masu siffar Cobra da Ford GT40, a Afirka ta Kudu ake haɗa su, a garin da a da ake kira Port Elizabeth, kuma Cobra ɗinsu da izinin Shelby, kamfanin da ya yi Cobra ta asali, ake yin ta. Galibi ma babu inji a cikinta suke sayar da ita, kai za ka zaɓi wanda za a ɗora maka. A Paraná ta Ajantina akwai Pur Sang, masu ƙera Bugatti Type 35 ta shekarun 1920 da hannu. Wa aka yaudara a nan?

Na nuna wa wani dattijo mai gyaran bodi a unguwarmu bidiyon yadda ake bugun alminiyom a kan siffar katako har ya ɗauki lanƙwasar gaban mota. Ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓi wayar, ya maimaita wurin sau uku yana bin hannun mai gudumar da ido. Da na ce masa wasu sun ce a kira ta jabu, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Haba Malam, mai wannan hannun ba ya bukatar yi wa kowa ƙarya." Tun nan na cire jabu daga lissafi. Bogi ma ta bi ta, tafiyarsu ɗaya.

4/ Wata 'yar'uwa ta ce kwafi. Ba laifi, sai dai kunnen Bahaushe ya riga ya ba takarda da kaset wannan kalma. In ka ce kwafin mota, sai a ɗauka takardun mota kake nufi.

Kwaikwayo ta fi kusa, na kuma daɗe ina juya ta. Matsalarta wasan kwaikwayo ya cinye ta. Motar kwaikwayo za ta yi kama da wadda ake turawa a fim, alhali waɗannan da gaske suke gudu, wasu ma sun fi na asalin birki mai kyau.

Samfur kuma shi ake fara yi kafin sauran su biyo. Tamu daga baya take zuwa.

5/ Wani malamin Hausa ne ya kawo wadda ta zauna mini: makwafi. Tsohuwar kalmarmu ce. In ka fasa wa maƙwabciya tulu, ka kawo mata makwafinsa. Ta san ba nata na farko ba ne, kai ma ka sani, amma ya yi kama da shi kuma zai yi aikinsa. Replica ke nan daidai wa daida: ba ita ba ce, tana tsaye a gurbinta, kuma a fili. Ga shi ta yi kusa da kwafi a kunne, matasa ba za su sha wahalar kama ta ba.

Ku gwada a baki: "Wannan ba Cobra ta asali ba ce, makwafinta ce." "Ya sayi makwafin GT40, irin wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969." Ni dai ban ji harshena ya yi tuntuɓe ba.

6/ Sai dai akwai wani rukuni da makwafi ba ta isa ba, wanda Turawa ke kira continuation. A 1963 Jaguar ta yi niyyar ƙera E-type maras nauyi guda 18, ta tsaya a 12, lambobin shasi shida suka zauna a littafi ba mota. A 2014 ta sanar da cewa za ta ƙera shidan da lambobin nan. Haka XKSS, wata motar Jaguar ɗin: gobarar da ta tashi a masana'antarsu ta Browns Lane a Coventry a 1957 ta cinye tara cikin 25, sai a 2016 suka ce za su mayar da taran. Kamfanin asali ne, zanen asali, lambar da aka tanada tun da can.

Wannan ciko ne. Mai awo ya ba ka mudu tara a maimakon goma, ya dawo da ɗayan daga baya, ai ciko ya kawo. Motar ciko. Wannan kam ba wanda ya ba ni, a bakin kasuwa na tsince ta, kuma ina jin daɗinta ƙwarai.

7/ Jabu tana da nata wurin. Ranar da wani ya ɗauki makwafi ya buga masa lambar shasin ta asali, ya haɗa takardu, ya kai gwanjo da sunan ta 1962, to ranar ta zama jabu, ko da ƙirar ta fi ta asalin kyau.

8/ Saura ƙananan nan na ajiya a kabad, waɗanda aka rage girmansu sau 18 ko sau 43, wasunsu ƙofa na buɗewa, sitiyari na juya taya. Su ma replica ake ce musu. Wani ya ce motar wasa, amma masu tara su ba sa barin yaro ya taɓa. Ni da na tashi ina fere kara ina yin mota, da murfin kwalba a matsayin taya, zuciyata ta fi karkata ga 'yar makwafi. Mutanen Damagaram da Maraɗi, yaya kuke ce wa irin waɗannan a wajenku?