Nawa kuka kashe wa lauya a shari'ar raba aure?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ce za ta kai ƙara kotun Musulunci a nan Kano. Mijin ya daina ciyar da ita, kuma ya ce ba zai sake ta ba. Lauyan da muka samu ya yanka kuɗin da ya haura sadakinta. Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanya su faɗa mana yadda suka yi.

Daga Gwale: Wa'alaikumus salam. Ni ban ɗauki lauya ba. Kuɗin shigar da ƙara na biya da na mai kai sammaci. Alƙali ya kira waliyyai don sulhu, abin ya ƙi, na mayar da sadaki aka yi khul'i. Shi ke nan.

Daga Zariya: Yaya, kar ku yi saurin cewa khul'i. A khul'i mace ce ke fansar kanta da dukiya. Amma a mazhabar Malikiyya, idan ta kawo shaidu cewa miji ba ya ciyarwa ko yana cutar da ita, alƙali na iya raba auren ba ta mayar da ko kwabo ba. Ni lauya ne ya fahimtar da ni haka, lokacin da tsohon mijina ya zo da doguwar takarda yana lissafa lefe, har da kuɗin gaisuwar iyaye. A nan kam kuɗin da na ba lauyan bai tafi a banza ba.

Daga Kaduna: Abin da ya karya ni ba kuɗin farko ba ne, kuɗin zama ne. Duk ranar da lauya ya shiga kotu sai na ba shi na mota, ko da ɗage zaman kawai aka yi saboda wancan bai zo ba. Ku sa ya rubuta muku ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da zaman kotu da ɗaukaka ƙara.

Daga Abuja: Namu auren rajista ne, don haka Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sai aure ya shekara 2 kafin a shigar da ƙara, sai dai da izinin kotu, kuma bayan hukuncin farko a jira wata 3 kafin ya tabbata. Ba lauya, da wuya ka iya takardun. Naku ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga Fagge: Ni namiji ne. Rigimar riƙon yara ce ta cinye mini kuɗi, ƙarshe aka bar su wurin uwarsu, ni kuma aka yanka mini na ciyarwa duk wata.

Daga Tarauni: Hajiya, ku fara zuwa Hisbah, suna zaman sulhu. In ba hali, ku gwada ofishin Legal Aid Council ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ku tafi da shaidu biyu da suka san zaman gidan.