Ƙurajen wuya bayan aski da reza: ina gyaran yake?

Ɗan Maamobi:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga wanzamai da masu sanin fata. A yi aski da ruwa da sabulu, kumatu su fita sumul, amma daga ƙasan haɓa zuwa maƙogwaro sai raɗaɗi nan take. Bayan kwana biyu ƙuraje su feso, wasu har ana hango gashi a naɗe a ciki, in sun mutu su bar baƙin tabo. Reza mai baki uku ce, aski sau uku a mako, ana gamawa a shafa sifirit. Ga gumin Akra, ga wuyan riga yana goga. Me ya sa wuya kaɗai? Me za a sauya, me za a shafa?

Wanzamin Nima:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ciwo biyu ka haɗa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Raɗaɗin nan take ƙujewa ce, reza ta kankare saman fata. Ƙurajen bayan kwana biyu kuwa gashi ne ya koma ciki. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In reza ta yanke shi, bakinsa kan yi tsini kamar fiƙaƙƙen alƙalami, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, jiki ya ɗauke shi kamar sartse ya kumbura a kansa.

Rezar nan mai baki uku ita ce babbar mai laifi. Bakin farko ya janyo gashin, na bayansa su yanke, gashin ya koma ya nutse ƙasa da fata. Santsin da mutane ke so kenan, kuma shi ne ke haifar da ƙurajen. Nemi mai baki ɗaya, irin wadda ake kwance kanta a sa sabuwar reza.

Batun me ya sa wuya kaɗai: bar gashin kwana uku, sannan ka shafa da yatsa a gaban madubi. Inda ya kwanta lumus, hanyarsa kenan. Inda ka ji kaushi, ka saɓa masa. A kumatu ƙasa yake yi, amma a gindin wuya sau da yawa sama yake tsirowa, ko ya karkata wajen kunne, kusa da maƙogwaro ma ya yi juyi kamar tsakar kan jariri. Mai jan reza daga haɓa har ƙirji a tafi ɗaya, rabin wuyansa yana aske shi ne a saɓe bai sani ba.

Yadda ake yi: a jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, a ɗora minti uku, ko a yi askin bayan wanka. Gashin da ya sha ruwa ba ya wa reza gardama. A tada kumfa mai kauri, a bar ta minti ɗaya a wuya. A riƙe reza a kwance, kimanin digiri 30, ba dannawa, nauyinta ya isa. Ja gajere, a bi hanyar gashi, tsawon gaɓar yatsa, a ɗauraye, a sake. Kada a ɗaga kai sama sosai, kada a ja fata da ɗaya hannun, domin fatar da aka miƙe tana turo gashi waje, ana sakinta ya nutse. A kan maƙogwaro, haɗiyi yawu ka riƙe, guringuntsin ya hau sama, wurin ya baje, ka wuce. Sau ɗaya ya wadatar. In dole sai an maimaita, a sake shafa kumfa tukuna, kuma kada ya wuce biyu. Ƙaramin kaushi zai rage a hannu, ka bar shi, shi ne lafiyar wuyan.

Mai Kantin Magani a Madina:
Malam ya gama magana a kan askin. Ni kan abin shafawa zan tsaya. Sifirit dai a ajiye shi, aikinsa goge ƙarfe ne. A kan ƙujajjiyar fata busar da ita yake yi ya ƙara mata wuta. A wanke da ruwan sanyi, a tsane da tawul mai tsabta ba tare da gurzawa ba, a murza man kaɗe kamar ƙwayar masara a tafin hannu har ya narke, a shafa. Kada a yi masa lafta. A danshin Akra mai da yawa da gumi toshe ƙofofin gashi suke yi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ana iya ƙarawa kaɗan.

Amma ɗan'uwa, wuyan da ya riga ya fashe ba a ɗora masa reza. A huta mako uku zuwa huɗu. Gashin in ya yi tsawo, da kansa yake fizgo bakinsa daga cikin fata. In wurin aiki ba su yarda da ƙasumba ba, a rage da kilifa, a bar kamar milimita ɗaya.

Ja da ƙaiƙayi: man haidirokotizon kashi 1 cikin 100, shafi kaɗan safe da dare, kwana uku zuwa biyar a tsaya. Ƙuraje masu farin kai: man benzoyil feroksaid mai kashi 2.5 ko 5 cikin 100 da dare, a fara da tsallake kwana. Yana kashe launin tufa, saboda haka a kula da wuyan jallabiya da rigar matashi.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a bi baƙin tabo da man bilicin ko mayukan nan masu kilobetasol da betametazon, magungunan kwantar da kumburin fata masu ƙarfi sosai. Kwana uku sai ka ga wurin ya lafa, bayan watanni fata ta yi sirara, ƙuraje su dawo fiye da da. Tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da mayukan shafawa masu sinadarin bilicin haidirokwinon, amma har yau ana samunsu a kasuwa. Tabon yakan dushe da kansa cikin watanni in sababbin ƙuraje sun daina fitowa. In kuwa ana ganin mugunya, ko ƙulli mai tauri yana girma, musamman a ƙeya, wannan ya wuce kanti. A ga likitan fata, akwai sashensu a asibitin koyarwa na Korle Bu.

Baba na Sabon Zango:
Hajiya mai kantin magani, ban ƙi maganarki ba, amma kada a manta da alif. A jiƙa dunƙulen, a shafa, a ƙirga talatin, a wanke. Yana tsayar da ɗigon jini, kuma malami ne: duk inda ya yi zafi, nan aka danna reza. Sai dai shi ma yana busarwa, kada a bar shi a fata. Sabulun salo kuma na wanke fuska ne kafin aski, kumfarsa ba ta daɗewa, ba ta isa ta raba reza da fata ba.

Iskar teku tana cin baƙin ƙarfe a garin nan. Rezar da aka bari jiƙe a banɗaki kafin mako ta yi tsatsa a baki, ko ido bai gani ba. A karkaɗe ta, a ajiye a ɗaki. Aski uku zuwa biyar a jefar, ko da zarar ta fara jan gashi. A wurin wanzami kuma a ɓare sabuwa a gabanka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da rai a busasshen jini.

Ɗan Maamobi:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Malam: gashin da ya riga ya shige, a tono shi da allura?

Wanzamin Nima:
Tono a'a. Ɗora tawul mai ɗumi minti biyar, sannan ka zagaya wurin a hankali da burushin haƙori mai laushi wanda aka ware don haka. In kana ganin gashin ya yi lanƙwasa a waje kamar hannun kofi, goge allura da sifirit, zura ta ƙarƙashin lanƙwasar, ɗago bakin kawai. Kada ka tuge shi, domin sabon da zai tsiro a ƙarƙashin fata zai fara. Wanda ba ka gani kuwa, bar shi. In an koma aski, sau biyu a mako, kuma da dare ya fi, wuyan ya kwana ba gumi ba maɓallin riga.