Neman kalma: me za mu kira "gain" a darasin jitar metal?

Injiniya Barnawa: Barkanmu da yamma. Ranar Asabar akwai darasi ga matasa masu kaɗa jita da masu riƙe mikisa, kan fitar da sautin metal, wato kiɗan rock mai kaushi da nauyi, a dandali daga na'urar kwaikwayon amfilifaya irin Helix ko Kemper. Ranar Alhamis za a buga takardar darasin, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini: "gain". In na rubuta "ƙarfin sauti" za su ɗauka maɓallin ƙara murya ne, su murɗe shi har ƙurewa, alhali kuskuren da darasin ke son gyarawa ke nan.

Mai Jita Kakuri: Oga, sa "gen" kawai. Haka kowa ke faɗa a situdiyo.

Injiniya Barnawa: A garin nan in ka rubuta "rage gen", wajen janareto mutum zai nufa.

Malama Unguwar Rimi: "Ƙarfin shiga". Aikinsa ke nan: yawan siginar da ake tura wa matakin farko na amfilifaya har ya cika ya fara dakushe ta, daga nan kaushin yake fitowa. Ɗayan maɓallin kuma a kira shi "ƙarfin fita". In sun zo su biyu, ɗalibi ba zai ruɗe ba.

Baba Kawo: Malama, wannan bayani ne, ba suna ba. Muna da "ɗure". Yadda ake yi wa yaro ɗuren magani, haka ake ɗura wa amfilifaya sigina fiye da cikinsa. Gaɓa biyu, kuma da jin ta ka san in ya yi yawa ɓarna ce.

Mai Mikisa Sabon Tasha: Baba, kalmar ta yi daɗi, amma rabin aikin ta kama. A kwaikwayon amfilifaya irin Peavey 5150 ko Dual Rectifier, abin da ake so a dandali shi ne a rage maɓallin zuwa wajen 4 ko 5 cikin 10. Ya wuce nan, bugun tsirkiya yana narkewa, ƙugi ya ƙaru, lasifikar gaban makaɗi ta fara kuwwa. Sai a sa kwaikwayon Tube Screamer, ƙaramar na'urar ƙara wa jita kaushi, a gabansa, kaushinsa a sifili, fitarsa a sama. Shi ke yanke ƙasan sauti tun kafin amfilifaya, don bugun da aka danne da gefen tafi ya fita a tsuke. To ta yaya za a ce "ɗure kaɗan"? Kuma kowace tashar mikisa tana da maɓalli mai suna "gain", a can kuwa in sigina ta cika har fitila ta yi ja, kuskure ne tsantsa.

Baba Kawo: Ana ɗure kaɗan mana. Matsalarku matasan Kaduna, kun saba da Hausar da aka gauraya, in an ba ku ta asali sai ku ce ta yi nauyi. A kai wa malaman Jami'ar Bayero a gani ko "ƙarfin shiga" zai wuce.

Malama Unguwar Rimi: Baba, da girmanka, kada a raina Hausar garin da Rediyon Tarayya yake. "Jirgin sama" ma bayani ne, ga shi ya zauna daram. Ba sai an je Kano neman izini ba.

Mai Jita Kakuri: Ku gama dai. Fuskar na'urar da Turanci take, yaro zai ga G-A-I-N ko kun so ko kun ƙi. Kuma wanda ya je biki ya ce wa mai mikisa "rage mini ɗure", kallon baƙo za a yi masa.

Baba Kawo: Da wannan tunanin ne harshe yake mutuwa a hannun masu shi.

Mai Mikisa Sabon Tasha: Injiniya, ko wace kalma ka ɗauka, kada ta cinye takardar. Ka faɗa musu in waya ta tafi mikisa kai tsaye, dole a bar kwaikwayon akwatin lasifika a kunne, misali lasifikar Vintage 30 da makirfon SM57, in ba haka ba sai tsitsiniya. In kuwa akwatin jita na gaske za a shiga, a kashe shi. A yanke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) a bar wa jitar bas da ganga, a yanke sama da 6 zuwa 8 kHz. Kada su kwashe tsakiyar sauti, wajen 500 zuwa 1,000 Hz, don can jita ke tsayawa in ganguna sun taso. Su kuma saita da ƙarar da za a yi wasa da ita, saboda kunne yana ƙara jin ƙasa da sama idan sauti ya yi ƙarfi, shi ya sa saitin ɗaki yake zama ruri da tsini a fili. Ƙugin 50 Hz na wutar lantarki kuwa, a danna maɓallin raba ƙasa ("ground lift") na mafitar XLR, inda wayar mikisa ke shiga, kafin a matse ƙofar tare hayaniya, wadda ke toshe sauti in jita ta yi shiru, don in aka matse ta da yawa tana datse jelar sauti.

Injiniya Barnawa: Na gode ƙwarai. Zan sa "ƙarfin shiga" da "ƙarfin fita", da hoton maɓallin yadda yake a na'ura. "Ɗure" zai shiga sashen kurakurai, wato in ƙarfin shiga ya wuce kima.

Baba Kawo: Ba haka na so ba, amma a rubuta ta da ɗ mai lanƙwasa. Kuma "ƙofar tare hayaniya" ɗin nan ban yarda da ita ba.

Injiniya Barnawa: Baba, ita sai bayan Asabar.