Me ya taɓa shiga kwamfutarku ta gida, kuma ta yaya kuka fitar da shi?

Abu Sadiq, Unguwan Dosa: Salamu alaikum jama'a. Laftof ɗin gidanmu ce ta ɗauko wani hali. Ka buɗe Chrome sai ya kai ka wani shafin bincike da ban san shi ba, tallan caca na leƙowa ta kusurwar ƙasa ko ba ka taɓa komai ba, fanka na ta gurnani, data kuma ba ta kai wata. A kanta nake lissafin shago, yara ma da ita suke aikin makaranta. Kafin in kai a goge komai, wanda irin wannan ta taɓa samu ya ba mu labari.

Maman Ilham, Malali: Wa alaikumus salam. Abu Sadiq, tallan kusurwar nan na san shi. Yarona ne ya shiga wani shafin kallon ƙwallo kyauta, aka ce ya danna Allow kafin wasa ya buɗe. Ashe izinin turo sanarwa ya ba su. Har da masu ja, wai kwamfutarki ta kamu da cuta biyar, danna nan. Duk ƙarya. Na shiga saitin Chrome wajen izinin shafuka, ɓangaren sanarwa, na tarar da jerin sunaye marasa kan gado, na cire su ɗaya bayan ɗaya. Ko sisi ban kashe ba.

Injiniya Bash, Tudun Wada: Maman Ilham ta yi daidai a kan tallan, amma sauya shafin bincike da cin data wani abu ne daban, akwai abin da ya zauna a ciki. Gyaran kwamfuta sana'ata ce, kuma zan faɗi abin da 'yan'uwana masu gyara ba sa son a faɗa: yawancin ƙazantar da nake kwashewa ba ɓarawo ne ya fasa ya shigo da ita ba, a shago aka zuba ta ranar da aka sayi kwamfutar. Mutum ya sayi tokumbo, ya ce a cika masa ita da manhajoji. A zuba masa Office, CorelDraw, Photoshop, IDM, duk na sata, a ɗora KMSPico don Windows ta daina ƙorafin lasisi. To kafin irin waɗannan su zauna, sai an kashe Defender, mai tsaron da Microsoft ta haɗo da Windows 10 da 11. Da yawa ba a sake kunna shi.

Wani mai ɗaukar hoton biki ya taɓa kawo mini tasa hankali a tashe. Ya sauko da manhajar gyaran hoto ta sata, washegari duk hotunan amare sun ƙi buɗewa, kowane fayil ya samu wani baƙon suna a wutsiya, ga wata takarda mai suna _readme.txt a kowace jaka. STOP/Djvu ke nan, ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli don a biya fansa, kuma ta manhajojin sata ya fi yaɗuwa. A lokacin kuɗin fansa dala 980 suke nema, ko 490 idan ka tuntuɓe su cikin awa 72. Kamfanin Emsisoft ya fitar da mabuɗi kyauta a 2019, amma ba kowane samfuri yake buɗewa ba, nasa bai buɗu ba. Garin neman gira ya rasa ido, don sai da ya mayar wa mutane kuɗinsu. Hotunan da ya riga ya tura wa wasu ta WhatsApp kaɗai suka tsira.

Ɗalibar HND, Badarawa: Ni filash ce matsalata. Na kai ta shagon buga takardu lokacin furojet, na dawo gida duk jakunkuna sun koma gajerun hanyoyi (shortcut) masu 'yar kibiya. Kuka na yi, na zaci babi uku sun tafi. Wani ɗan ajinmu ya ce kar in danna ko ɗaya, fayilolin suna nan an ɓoye su ne kawai. Ya rubuta attrib -h -r -s /s /d a kan filash ɗin ta baƙin allon nan na cmd, suka dawo. Tun ranar Smadav, mai tsaron kwamfuta daga cuta, nake amfani da shi, ni kam ba na jin kowa a kansa.

Injiniya Bash: Ƙanwata, Smadav na ƙoƙari a kan filash, shi ya sa ya karɓu a wajenmu duk da daga Indonesiya yake. Amma masu shi da kansu kariya ta biyu suke kiransa, ba babban mai tsaro ba. Ki bar Defender a kunne. Abin da ba na so shi ne in ga kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi an ɗora mata manyan masu tsaro uku, biyu lasisinsu ya ƙare tun bara, suna ta faɗa da juna, mai ita na cewa ta tsufa.

Abu Sadiq: Allah ya saka. Na cire sanarwar, talla ya tsaya. Na jera manhajoji bisa ranar shigarsu, na ga guda biyu da suka shigo rana ɗaya da wata manhajar sauko da bidiyo da Sadiq ya saka. Shafin binciken dai yana nan.

Injiniya Bash: Malam, duba ƙare-ƙaren (extensions) da aka liƙa wa Chrome, ka cire duk wanda ba kai ka saka ba. Sai ka sauko da AdwCleaner daga shafin Malwarebytes kansa, kyauta ne, kada ka danna tallan da ke saman sakamakon Google. Bayan shi ka sa Defender ya yi binciken nan da yake sake kunna kwamfuta ya duba kafin Windows ta tashi. Amma fara kwafe lissafin shagonka zuwa wani waje daban tukuna.

Hajiya Barnawa: Ku da kuka ga talla ma kun ji daɗi, tawa shiru ta yi. Ba nauyi, ba komai. Sai ƙanwata ta kira daga Zariya tana tambaya wace rashin lafiya ce ta same ni har nake neman taimako a Facebook. An shiga shafina na sayar da atamfa, an bi abokan ciniki ana roƙo da sunana. Da aka duba, wani abu ne ya kwashe duk kalmomin sirrin da na adana a birauza, har na imel. Abin da nake so ku riƙe, wanke kwamfuta ba ya dawo da abin da aka riga aka sata. Da waya na sauya kalmomin, ba da kwamfutar ba, na fitar da duk na'urorin da ke ciki, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata lambar tabbatarwa kafin a shiga. Kunyar bin mutane ina ba da haƙuri ta fi komai ciwo.

Malam na Rigasa: Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba Hajiya. Ni malamin makaranta ne, 'ya'yana biyar, kwamfuta ɗaya. Na buɗe musu asusu daban wanda ba shi da ikon saka manhaja, kalmar sirrin babban asusu kuma ko uwargida ba ta sani ba, don ta fi ni tausayi. Sun yi fushi na sati ɗaya. Sai maganar sabuntawa: na san tsadar data ke sa mu kashe ta, ni da datar dare nake yi. Masu Windows 7 kuwa, Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a 2023. Ita ma Windows 10 wa'adinta 14 ga Oktoban 2025 ne. Kada a shiga banki da kwamfutar da aka daina toshe wa ɓaraka.

Maman Ilham: To Injiniya, ka hana mu Office na sata, na gaskiya kuma ba kowa ke iya biya ba. Da me yara za su yi aikin makaranta?

Injiniya Bash: LibreOffice, Maman Ilham. Kyauta ne na halal, yana buɗe takardun Word da Excel. Ki saita shi ya riƙa adanawa a docx don malamai su iya buɗewa. Aibinsa, wani lokaci tebur ko shafi kan ɗan goce idan an buɗe a Word. In za a kai bugu, a mayar da takardar PDF a tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel, filash ta yi zamanta a gida.