An rubuta 3200 a jikin RAM amma 2133 take nunawa, kuma ina son ƙara wa furosesa gudu

Issoufou_Yantala

Assalamu alaikum. Kwamfuta ce ta aikin haɗa bidiyo a nan Yamai: furosesa Ryzen 5 3600 da fankarsa ta asali, kart-mer (babban allon da ake jona komai a kansa) MSI B450 mai gurbin RAM huɗu, da sandunan RAM biyu DDR4, 8 GB kowace, an rubuta 3200 CL16 a jikinsu. Windows na nuna gudunsu 2133, manhajar CPU-Z mai nuna bayanan kayan kwamfuta kuma 1066 kacal. Jabu ce ko matsalar saiti? Na biyu, ina son in kai furosesa 4.4 GHz, bolt nawa zan ba shi?

Malam Abdou Tahoua

Wa alaikumus salam, ƙanena. RAM ɗinka lafiyarta lau. Lambobin biyu ma abu guda suke faɗa: DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugun agogo, shi ya sa CPU-Z yake nuna rabi. 1066 sau biyu shi ne 2133 ɗin nan. Ranar da ta hau 3200, abin da za ka gani a CPU-Z 1600 ne, kada ya tayar maka da hankali.

Dalilin 2133 kuwa, kowace sandar DDR4 tana zuwa da saitin ƙa'ida na JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM, a kan 1.2 V, kuma da shi kart-mer take tashi don ta tabbata komai zai kunna. Wancan 3200 na jikin takarda yana cikin wani saiti na daban, XMP, wanda galibi yake buƙatar 1.35 V, kuma sai ka kunna shi da hannunka.

Kafin ka shiga BIOS, wato shafin saitin kart-mer, buɗe akwatin ka duba inda sandunan suke. Gurbi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake so, an rubuta DIMMA2 da DIMMB2 da ƙananan baƙaƙe a gefensu. Masu haɗawa da yawa suna jera su kusa da juna, sai RAM ta yi aiki a layi ɗaya maimakon biyu, wannan asarar ta fi ta 2133 ciwo. Daga nan ka kunna, ka riƙa danna Del, F7 ya kai ka babban shafi, ka shiga OC, ka sa A-XMP a Profile 1. A kart-mer ta Asus sunansa D.O.C.P. Ka tabbata DRAM Frequency ta koma 3200, DRAM Voltage 1.35, sannan F10. Tana iya mutuwa ta tashi sau biyu ko uku da baƙin allo, tana gwada saitin ne, ka ba ta kamar minti biyu. Ryzen 5 3600 an yi shi ne ya ɗauki 3200 da sanduna biyu, ba ka tilasta masa komai ba.

Hadiza_Info

Malam ya gama magana kan kunnawa, amma tashin Windows ba shi ne shaida ba. RAM da ba ta zauna daidai ba takan yi ɓarna a ɓoye: bidiyo ya tsaya a tsakiyar fitarwa, fayil ya lalace, shuɗin allo ya zo jefi-jefi. Ka sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a kile USB, ka tashi kwamfutar daga kanta, ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, ba a yarda da shi.

In kuskure ya fito, ko ƙaramar fitilar DRAM ta kart-mer ta tsaya a kunne allo bai kawo ba, ka cire wuta, ka haɗa ƙafafu biyun da aka rubuta wa JBAT1 a jikin kart-mer da bakin sukudireba na daƙiƙa goma, BIOS za ta koma yadda ta fito. Sai ka shiga shafin SPD a CPU-Z ka gwada lambar sandar farko da ta biyu. A kasuwa ana yawan haɗa sanduna biyu masu kama da juna alhali ƙwayoyin cikinsu daban ne. In haka ne, ka bar XMP a kunne amma ka sauko da gudun zuwa 3000 ko 2933, bambancinsu da 3200 ba zai dame ka ba. SoC Voltage kuma, wutar sashen furosesa mai kula da RAM, 1.1 V ta isa, kada ka wuce 1.2.

Tsohuwar BIOS ma tana kawo wannan, domin kart-mer B450 ta riga Ryzen 3000 fitowa. Sai dai don Allah kada ka sabunta BIOS in ba a kan ondular (na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke) kake ba. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, kart-mer na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Issoufou_Yantala

Allah ya saka da alheri. Sandunan a gurbi na ɗaya da na biyu suke, na mayar da su. Yanzu 1600 a CPU-Z, MemTest86 ba kuskure. Saura maganar 4.4.

Malam Abdou Tahoua

Madalla. Amma 4.4 ɗin nan ban ba ka shawara ba. Wannan furosesa 3.6 GHz ne asalinsa, kuma shi da kansa yake hawa har 4.2 idan ya samu sanyi da wuta. Yawancinsu in an ɗaure duk kawuna shida a gudu ɗaya, wajen 4.1 zuwa 4.2 suke tsayawa, abin da ya fi haka sai da bolt mai yawa. Da zarar ka ɗaure shi da hannu ka kashe Precision Boost, wato dabarar da take rage masa wuta in aiki ya yi nauyi. Ka riƙe shi sama da 1.3 V yana haɗa bidiyo awa da awanni cikin zafi, a hankali zai gaji, gudun da yake ɗauka bana ya ƙi ɗaukarsa baɗi.

Kuma lambobin da kake gani a intanet an gwada su ne a ɗaki mai digiri 22 zuwa 25. Shago a Yamai ko nan Tahoua a watan Afrilu, ba na'urar sanyaya ɗaki, yana kaiwa 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ya ƙara kusan hakan, iyakarsa kuma 95. Fankar asali ƙarama ce, an yi ta daidai da 65 W. Ɗora mata ƙarin wuta kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

In gudu kake nema, sanyi za ka saya. Fanka mai tsayi mai bututun tagulla huɗu da farfela 120 mm, sabon pat termik (man da ake sawa tsakanin furosesa da fanka) ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, fanka biyu a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Ka bar gudun a Auto, ka buɗe manhajar HWiNFO don ganin zafi, ka kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin furosesa, na minti goma. Ƙasa da digiri 80 yana da kyau, kuma za ka ga ya riƙe gudu mafi yawa da kansa.

Hadiza_Info

Ƙurar hunturu ma tana cikin lissafi. Takan toshe tsakanin ƙarafan sanyaya har ta zama kamar auduga, farfela na juyawa amma iska ba ta ratsawa. A hura ta duk wata biyu, a riƙe farfela da yatsa kada ta yi ta juyawa, kuma a ɗaga akwatin daga ƙasa. Kafin ka samu sabuwar fanka, saitin Eco Mode da ke rage furosesa zuwa 45 W zai sauke zafin sosai, gudun da za ka rasa kaɗan ne.

Sannan ka riƙa leƙa CPU-Z lokaci-lokaci. In wata rana ka ga 1066 ta dawo, agogon Windows kuma ya rikice bayan ɗaukewar wuta, batirin CR2032 na kart-mer ne ya mutu, BIOS ta manta saitinta. Ka canza shi, ka sake kunna A-XMP.