Wanda kaya suka taɓa kwanta masa ya ba ni labari

Ɗalibar kasuwanci, Jidda: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar farko a sashen kasuwanci, an ba mu aiki a kan abubuwa huɗun da wani malamin Amurka, Jerome McCarthy, ya tsara a 1960: haja, farashi, wurin sayarwa da talla. Malaminmu ya ce kada kowa ya kwaso masa misalin manyan kamfanoni, na cikin kasuwa yake so. Don Allah duk wanda ya taɓa saro kaya suka ƙi fita, ya gaya min yadda aka yi.

Baba Mai Dabino, Madina: Wa alaikumus salam 'yata. Zauna ki sha labari. Hajjin 2024 na cika shago da dabinon ajwa, don na saba alhazan gida ba sa barin Madina sai da ita. Na manta tun tsakiyar 2023 aka saki naira ta faɗi warwas, alhali riyal na nan ɗaure da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, bai motsa ba. A wurina kuɗin ajwa bai canja ba, a aljihun alhaji kuwa ya ninka. Sai ka ga bawan Allah ya ɗanɗana, ya tambayi kilo nawa, ya zaro waya ya buga lissafi da naira, ya ce "bari in zagayo." Wanda ya ce zai zagayo kuwa kin san sai a darussalam.

Kwana huɗu ina kallon katan-katan. Wata Hajiya ce daga Gusau ta buɗe min ido. Ta ce, "Malam, mutum arba'in ke jiran tsarabata, har da masu zuwa sannu da zuwa da ban san su ba. Ajwa ta tsohuwata ce da maigida, sauran fa?" A daren nan muka zauna da yarana muka ƙulla ajwa rubu'in kilo rubu'in kilo, na saro dabinon safawi da khudri masu sauƙin kuɗi na jera a gaba. Mai sayen katan na safawi sai in miƙa masa ƙullin ajwa in ce ga ta Hajiya babba. Da wuya a mayar min. Ban ci ribar da na ƙiyasta ba, amma uwar kuɗi ta dawo.

Maman Hanan, Makka: Baba ai gara kai, dabino ana ci. Ni abaya na aika Kano, baƙaƙe wuluk marasa ado irin wanda matan nan ke sawa, wai ni mai ido. Ƙanwata ta kira ta ce Yaya, masu saye suna tambayar mai duwatsu da mai kala, ta zuwa biki. Ga shi yawanci lamba 52 da 54 na ɗauka, su kuma 58 da 60 suke nema, mai share ƙasa. Wata bakwai suna jibge a ɗakinta. Yanzu ko guda ba na saya sai na ɗora hoto a WhatsApp an zaɓa an tura rabin kuɗi.

Abu Ammar, Shara Mansur, Makka: Ni dai gani nake rabo ne. Kakanninmu da suka zo da ƙafa ta Sudan wace makarantar kasuwanci suka shiga?

Maman Hanan: Rabo gaskiya ne Abu Ammar, amma ko raƙumi an ce a ɗaure sannan a yi tawakkali. Lamba 52 ba ƙaddara ba ce, rashin tambaya ne.

Mai Tsire, Hindawiyya: Kakannin ma sun iya, suna ne kawai ba su sa masa ba. Tsirenmu ne fa Larabawan Makka da Jidda ke layi a kai suna ce masa siriyya. Da na karɓi wurin daga hannun mahaifina sai na ƙara barkono cikin ƙuli, irin yadda na ci a Kano da na je ganin dangi. 'Yan uwa suka yaba, Larabawa suka ɗauke ƙafa shiru, ba wanda ya yi ƙorafi. Tsoho ya leƙo wata rana, ya ɗanɗana, ya tambaye ni su waye suka fi saye. Na ce Larabawa. Ya ce to kai wa kake dafa wa? Na koma haɗinsa, yaji mai zafi kuma a ƙulle a gefe ga mai so.

Ummu Sultan, Jidda: Ƙanwata ki rubuta nawa a babin farashi. A watan Yuli na 2020 harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Ni ina haɗa turaren wuta da humra, duk kayan haɗi suka hau, na ji kunyar ƙara wa zabunaina, wato masu saye a wurina, ko riyal ɗaya. Kaya na fita kamar ruwa, ina ta murna, ashe daga aljihuna nake ciko. Sai da na zo sake saro sandal da kwalabe kuɗin suka gaza.

Ɗalibar kasuwanci: Allah ya saka da alheri. Anti, naki ai fita suka yi, amma zan sa shi. Baba, naka ne ya rikita ni: a farashi zan ajiye shi ko a haja, tunda ƙullin ka sauya ba kuɗin kilo ba?

Baba Mai Dabino: Sa shi duk inda malaminku zai ba da maki. In ya yi gardama ki ce ya zo kasuwar dabino bayan La'asar, ina nan layi na biyu, akwai gahawa.